Fim Ɗaya Kowane Dare: Kundin Watan Oktoba

Litinin, 30 ga Satumba

Gobe zan fara. Niyyata in kalli fim ɗin ban tsoro guda ɗaya kowane dare har ƙarshen Oktoba, in rubuta abin da na gani. A nan Leeds tun makon jiya shaguna suka cika da kabewa da ƙwarangwal na roba, ana shirin daren Halloween na 31 ga wata. Bikin ba nawa ba ne. Abin da ya sa ni wannan aiki shi ne wani labari da na shekara biyu ina fama da shi ya ƙi rubutuwa: gajeren fim na ban tsoro a wani gida a Zariya, da aljani mai ƙafar jaki a ciki. Duk wanda na karanta wa sai ya saurara har ƙarshe, ko gezau. Ina so in gane yadda masu sana'ar suke dasa tsoro a zuciyar mutum.

Ƙa'idar da na sa wa kaina: sai bayan isha'i, fitila a kashe, waya a kife. Fim ɗin da ban kai ƙarshensa ba ba ya shiga lissafi. Ma'aunina ɗaya ne, shin ya biyo ni har gado bayan na kashe, ko a allo ya tsaya? Wanda bai kalli waɗannan finafinai ba ya sani, inda ya kama zan faɗi ƙarshen labari.

Kuɗi: na'urar DVD ta hannu fam 12, faifai 8 daga shagon gwanjo na wata ƙungiyar agaji fam 8.

Talata, 1 ga Oktoba. Nosferatu (1922)

Na fara daga tushe. Fim ɗin Jamus ne, ba magana, baƙi da fari, F. W. Murnau ya ba da umarni. Labarin Dracula na Bram Stoker suka ɗauka ba da izini ba suka sauya sunaye. Matar marigayin ta kai ƙara, kotu ta ce a lalata duk kwafin da ake da shi. Wasu sun tsira, shi ya sa yau nake kallonsa kyauta a intanet. Tafiyarsa a hankali take, sau biyu na duba agogo. Amma inuwar nan da ke hawa bene, yatsu zaƙo-zaƙo a jikin bango, ta zauna mini. A wannan wuri ba a nuna mai inuwar ba sam. Da na tashi shan ruwa ƙarfe biyu, sai da na tsaya na kalli bangon benenmu.

Laraba, 2 ga Oktoba. Psycho (1960)

Hitchcock ya sa ka bi wata mata da ta gudu da dala 40,000, ka shaƙu da ita, sannan a kashe ta tana wanka tun ba a kai rabin fim ba. Daga nan ba ka da wanda za ka jingina da shi. Na sake kallon wurin wankan da sauti a kashe, rabin tsoron ya tafi. Kiɗan Bernard Herrmann, goge zalla irin na Turawa, shi ke yin sukar.

Alhamis, 3 ga Oktoba. Night of the Living Dead (1968)

Gawarwaki sun tashi suna cin mutane, mutum bakwai sun maƙale a wani gidan gona kusa da Pittsburgh. Gawarwakin ba su dame ni ba. Gardamar cikin gidan ce ta riƙe ni: wani ya dage a sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa, Ben ya dage a zauna sama a toshe tagogi, kowa na ganin ɗayan zai jawo musu halaka. Duane Jones, baƙar fata, shi ne jarumin, wato Ben, a Amurkar 1968, shekarar da aka harbe Martin Luther King. Shi kaɗai ya kai safiya da rai. Masu farautar gawarwaki suka hango shi ta taga suka harbe shi a goshi, suka ja gawarsa da ƙugiya zuwa wuta. Na jima zaune bayan ya ƙare. Wannan ya biyo ni.

Juma'a, 4 ga Oktoba. The Blair Witch Project (1999)

Kyamarar rawa take sai da kaina ya yi ciwo. Mintuna biyar na ƙarshe ne kawai suka yi aiki, mutumin da ke tsaye a lungu ya juya wa kyamara baya.

Asabar, 5 ga Oktoba. Alien (1979)

Yau na san abin da ban sani ba, kuma ya faranta mini rai. Wanda ke cikin rigar dodon nan na kumbo ɗan Najeriya ne, Bolaji Badejo, haifaffen Legas, ɗalibin zane a Landan. Tsawonsa ya haura mita biyu, siriri, hannuwa dogaye. A wata mashaya masu neman 'yan wasa suka gan shi. Shi ne fim ɗinsa ɗaya tilo. Ya koma Legas, ya rasu a 1992 yana da shekara 39, ciwon sikila. Mai ba da umarni Ridley Scott ya yi rowar dodon, kaɗan-kaɗan yake nuna shi, wutsiya nan, haƙori can. Na buɗe rubutuna na ƙirga: aljanina ya fito gaba ɗaya a shafi na biyu, har da bayanin ƙafarsa.

Lahadi da Litinin, 6 da 7 ga Oktoba

The Thing (1982): maza goma sha biyu a sansanin bincike a Antatika, ba wanda ya san wane ne har yanzu mutum. Wurin gwajin jini da waya mai zafi na kalle shi sau uku.

Ringu (1998) na Japan ya fi kama ni, don na girma da kaset. Kaset ne wanda duk ya kalla zai mutu bayan kwana bakwai, sai in ya kwafa ya nuna wa wani. Yarinyar da ke fitowa daga rijiya da gashi a fuska kowa ya san ta. Abin da ya tayar mini da tsigar jiki shi ne ƙarshen, uwar tana cikin mota za ta kai wa mahaifinta kaset ɗin don ɗanta ya rayu.

Talata, 8 ga Oktoba

Asara. Na sa The Shining, ana cikin tafiya, yaron na tuƙa kekensa a dogon barandar otal, sai hoton ya daskare. Na cire faifan na ga ƙarce tun daga tsakiya har baki. Na goge da tsumma, na gwada man goge haƙori kamar yadda ake faɗa, na wanke na shanya, na mayar. A daidai wurin ya sake tsayawa. Na tsallake gaba, ya yi mintuna uku ya sake ƙamewa. Kafin in haƙura sha biyu ta wuce, ga aikin safe ƙarfe bakwai. Darasi: a duba bayan faifai a shago kafin a biya. Na duba sauran, biyu suna da ƙananan tabo amma suna tafiya.

Laraba, 9 ga Oktoba

Na yi hayar The Shining (1980) a intanet, fam uku da rabi. Tsoro a cikin haske tarwai, ba duhu ko kaɗan. Na yaba aikin, amma ya tsaya a allo.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Wani fim na yanka-yanka daga cikin faifan gwanjo, ba zan ma kawo sunansa ba. Na kashe a minti na arba'in. Tashin zuciya ya sa ni, kuma ƙyama daban tsoro daban. Ba ya cikin lissafi.

Juma'a, 11 ga Oktoba. The Exorcist (1973)

Na yi ta ɗaga wannan. Abu na farko da kunnena ya ji shi ne kiran sallah, don a arewacin Iraƙi labarin ya buɗe, wurin tonon kayan tarihi. Ban ji daɗin ajiye kiran sallah a bakin ƙofar irin wannan labari ba, kuma har yanzu ban ji ba.

Sauran fim ɗin na san shi tun kafin in gan shi. Duk wanda ya taɓa zama a gidan da ake yi wa wata ruƙiyya ya san sauyawar murya, ya san ƙarfin da yarinya ƙarama ke yi sai maza huɗu sun danne ta, ya san uwar da ta gama zagaye asibitoci kafin ta nemi malami. Mai ba da umarni William Friedkin ya ba asibitin lokaci mai tsawo, allurai da injuna, kuma wurin ya fi ɗakin yarinyar wuyar kallo. Wanda ya tsaya mini a rai shi ne ƙaramin limamin cocin, Karras, wanda mahaifiyarsa ta mutu ita kaɗai ba ya kusa. Abin da ke jikin yarinyar ya ari muryar tsohuwar ya yi masa magana da ita. Na karanta Ayatul Kursiyyu sau biyu kafin barci ya zo.

Asabar, 12 ga Oktoba. Under the Shadow (2016)

Mafi kyau zuwa yanzu. Tehran ce a ƙarshen yaƙin Iran da Iraƙi, an tura miji fagen daga, an bar mata da 'yarta a bene. Makami mai linzami ya huda rufin bai fashe ba. Maƙwabta suna ta watsewa ɗaya bayan ɗaya, ana cewa aljanu suna tafiya cikin iska, kuma in sun ɗauki wani abu naka da kake so, ba inda za ka gudu. 'Yar tsanar yarinyar ta ɓace. Babak Anvari bai zana aljani da ƙaho ko ƙofato ba, mayafi ne kawai, irin wanda ke kan igiyar shanya a kowane gida, yana motsi ba kowa a ciki. Na tuna yadda Kaka ke hana mu zuba ruwan zafi a ƙasa da magariba ba bisimillah. Ba ta taɓa kwatanta mana kamannin waɗanda take tsoron mu ƙona ba, kuma ba mu taɓa tambaya ba.

Na soke ƙafar jakin daga rubutuna.

Lahadi, 13 ga Oktoba. Tumbbad (2018)

Malam, abokin zamana, dattijo ne daga Zangon Kumasi. Ya ji harshen Indiya ya leƙo, ya zauna har ƙarshe. Ruwan sama ba ya ɗaukewa a wannan ƙauye na Maharashtra. Mutum yana sauka rami da igiya, ya jefa wa wani la'anannen abin bauta 'yar tsanar kwaɓaɓɓen gari, kafin ya gama ci ya wawuri zinariya daga ɗamararsa ya gudu, har ya koya wa ɗansa sana'ar. Da aka gama Malam ya ce, "Ƙanina, wannan ai tatsuniyar kwaɗayi ce, mabuɗin wahala." Tatsuniya ce, kuma an yi ta da kyau.

14 zuwa 16 ga Oktoba

Litinin na ƙaro faifai 4, fam 4, duk na duba bayansu. Train to Busan (2016): gudu da hawaye, ba tsoro sosai. Talata A Quiet Place (2018): ƙusa ɗaya a matattakala ta riƙe ni minti ashirin. Yarinyar da ta fito a kurma, Millicent Simmonds, kurma ce da gaske.

Laraba muka kalli kashi na farko na Living in Bondage (1992) ni da Malam, kwafi mai dishi-dishi. Da harshen Ibo aka yi shi, a kaset aka sayar da shi, kuma daga kansa ake fara ba da tarihin Nollywood. Andy ya ba da matarsa Merit don kuɗi, ita kuma ta ƙi barinsa ya ci kuɗin, duk wurin murnarsa sai ta bayyana da farin kaya. Sautin ya lalace, hasken ba daɗi, duk da haka ya yi aiki, don kowa a cikinmu ya taɓa jin an nuna wani mai kuɗi an yi ƙasa da murya.

Alhamis, 17 ga Oktoba. Get Out (2017)

Cokali yana zagaya kofin shayi. Uwar budurwar ta sa saurayin 'yarta ya faɗi inda yake ranar da mota ta buge mahaifiyarsa: yana gida yana kallon talabijin, bai kira kowa ba. Ta nan ta kama shi. Jordan Peele ya ci Oscar da wannan rubutu, kuma ya cancanta.

Barcina ya fara lalacewa. Yau na makara asuba, sai da rana ta fito.

Juma'a, 18 ga Oktoba. The Babadook (2014)

Bazawara a Ostireliya da ɗanta, mijin ya mutu a hatsarin mota yana kai ta haihuwa. Ba a kashe dodon da ke addabar su ba. A ɗakin ƙasa ta ajiye shi, tana kai masa tsutsotsi a kwano. Ya kamata in lura cewa dare biyu ke nan a jere ina taɓa wuri ɗaya.

Asabar, 19 ga Oktoba. His House (2020)

Na biya Netflix na wata ɗaya, fam 5, don wannan. Mata da miji, Rial da Bol, sun tsere wa yaƙin Sudan ta Kudu, sun ƙetare teku a kwalekwale, an ba su wani ruɓaɓɓen gida a Ingila da sharuɗɗa: ba aiki, ba ƙaura, ba ƙorafi. Wunmi Mosaku da Sope Dirisu suka fito, Remi Weekes ya ba da umarni. Na san wannan bango mai danshi, na san takardar bangon da ke ɓarewa, na san yadda Bol ke sayen riga irin ta mutanen gari don ya saje. Akwai abu a cikin bangon, Rial ta kira shi apeth, mayen dare a wurin Dinka, mai bin bashi. Yarinyar da ta nutse a teku, wadda muke zaton 'yarsu ce, ashe Bol ne ya fizge ta a taro don a bar su su shiga motar gudu, uwarta na bin motar tana ihu.

Ban iya rubuta fiye da haka yau ba.

Laraba, 23 ga Oktoba

Kwana huɗu ban kunna na'urar ba. Zan rubuta dalili don shi ne babban abin da ya faru a wannan aiki.

Bara a watan Maris mahaifina ya rasu a Zariya. Ina bakin aiki a gidan kula da tsofaffi, wayata na cikin loka, don ba a shiga da ita. Da na tashi ƙarfe bakwai na yamma na tarar da kira goma sha tara. An yi masa wanka, an yi sallah, an kai shi, duk ina shayar da wani tsoho shayi. Ban yi kuka ba a lokacin, na koma aiki washegari. Daren Asabar bayan fim ɗin na kwanta, sai na ji kamar waya na kaɗawa a cikin bango. Na san ba komai. Na tashi na kunna fitila na zauna har asuba. Lahadi haka, Litinin haka. A wurin aiki na kusa ba wa wata tsohuwa abincin da ba nata ba, abokiyar aikina ce ta tare ni.

Malam ya same ni a kicin ƙarfe uku na dare. Bai tambaye ni komai ba, ya ce, "Ƙanina, kira gida."

Jiya na kira Umma. Tun daga sallama ta ce, "Babana, muryarka ba daidai take ba." Na ce aiki ne. Ta yi shiru, na yi shiru, sai na faɗa mata maganar kira goma sha tara, wadda ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ta ce, "Ni da nake cikin gidan, ina madafi ina dama masa kunun da ya ce yana so. Kafin in kawo an riga an rufe masa ido. Na kusa da na nesa, addu'a ce ta rage mana duka." Ta ce butarsa na nan a zaure inda ya bar ta, ta hana a ɗauke.

Na yi barci awa tara.

Sauyin ƙa'ida: daga yanzu tsakanin magariba da isha'i zan kalla ko da rana in ba aiki, fitila a kunne. Ba zan rama kwanakin da suka wuce ba.

Alhamis, 24 ga Oktoba. The Others (2001)

Aro daga laburaren gari, kyauta. Tsibirin Jersey, 1945, labule da makullai. Ba ɗigon jini. Ya dace da komawa.

Juma'a, 25 ga Oktoba. Atlantics (2019)

Dakar, da harshen Wolof. Leburori sun yi watanni suna gina dogon bene ba a biya su ba, suka shiga teku neman Turai, suka nutse. Da dare sai su dawo a jikin 'yan matan unguwa, idanu farare, su zauna a falon mai ginin suna neman haƙƙinsu. Mati Diop ta ci babbar kyauta ta biyu a Cannes da shi. Bai tsorata ni ba, tausayi ya cika ni.

Ya kuma tsayar da ni a kan matsalar da rubutuna zai fuskanta. Mu mun yi imani wanda ya tafi ba ya dawowa. In na sa fatalwar mamaci tana yawo a gidan Zariya, mai kallo zai ce ƙarya ne. In na ce aljani ne, an san maganinsa, a kira malam labari ya ƙare. Dole abin ya zauna a tsakani, kada kowa a gidan ya iya rantsuwa a kan ko mene ne.

26 zuwa 29 ga Oktoba

The Wailing (2016), Koriya ta Kudu, awa biyu da rabi da ɗoriya. Uba bai san wa zai yarda da shi ba tsakanin boka da baƙo da matar da ta ce ya jira zakara ya yi cara uku. Bai jira ba.

Lahadi aka mayar da agogo baya da awa ɗaya, magariba ta dawo kafin ƙarfe biyar. Candyman (1992), sannan Rec (2007) ranar Litinin. Talata Onibaba (1964) na Kaneto Shindo: doguwar ciyawa kamar gamba, rami a tsakiyarta, suruka da matar ɗanta, da fuskar aljan da ta manne wa wadda ta sa ta. Iskar da ke kaɗa ciyawar ta isa.

Wata tsohuwa da nake kula da ita, haifaffiyar Ailan, ta ce suna yara ba kabewa suke fafewa ba, wata saiwa ce mai tauri kamar gwaza, har hannu ya yi kanta. Daga wajensu al'adar ta tafi Amurka ta dawo da kabewa.

Laraba, 30 ga Oktoba

Ban kalli komai ba. Na rubuta shafi huɗu.

Alhamis, 31 ga Oktoba. Halloween (1978)

Tun biyar da rabi yaran layinmu suka fara ƙwanƙwasa ƙofa cikin shigar dodanni, iyayensu na tsaye a bakin titi. Malam ya sayo alewa ya ce maƙwabtaka ce, ba a mayar da yaro hannu wofi. Kafin bakwai ta ƙare.

John Carpenter ya yi fim ɗin da kuɗin da bai fi dala 325,000 ba, shi ya tsara kiɗan da kansa. Fuskar makashin ta roba ce ta ɗan wasa William Shatner da aka saya a shago aka shafa mata farin fenti. A Kalifoniya aka ɗauka da bazara, suka riƙa watsa ganyen da aka rina don ya yi kama da Oktoba a Illinois. Jarumar fim ɗin, Jamie Lee Curtis, 'yar Janet Leigh ce, wadda ta fito a matar da aka kashe a Psycho. Abin da na ɗauka: mutumin yana tsaye da rana tsaka a bayan shanya, a gefen allo, ta sake dubawa ba ya nan. A ƙarshe kyamara ta bi ɗakunan gidan ba kowa, sai numfashi.

Lissafi: fim 24 cikin dare 31. Na'ura fam 12, faifai fam 12, haya bakwai fam 24 da rabi, Netflix fam 5, jimla fam 53 da rabi. Waɗanda suka biyo ni har gado biyar ne: na 3, na 7, na 11, na 12 da na 19 ga wata.

Shirin Nuwamba: shafi goma sha biyu, 'yan wasa uku, gida ɗaya. Zan aika wa ƙanina ya auna mini zauren da tsakar gida, ya ɗauko mini sautin unguwar kafin kiran assalatu. Shafin farko ya zauna. Kwana arba'in da rasuwar maigida, uwargida ta fito da fitila za ta yi alwala. A zaure buzunsa na naɗe a jikin bango yadda aka bar shi. Butarsa, wadda ba wanda ya taɓa tun ranar, tana cike, ƙasan wurin a jiƙe.